Kafin a Haramta Karnukan Turawa, a Fara Sanin Mai Kare

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda ake ajiye karnuka a birnin Sakkwato da kewaye ba tare da wata ƙa'ida da talaka ya sani ko hukuma take aiki da ita ba. Na san wasu za su ce ana fama da 'yan bindiga a gabashin jiha, ga tsadar abinci, wa yake ta kare? Amsata ita ce, taɓarɓarewar tsaron nan ita ce ta sa mutanen da a da ko inuwar kare ba sa so a ƙofar gidansu suka koma sayen manyan karnukan ƙasashen waje suna zubawa a tsakar gida, saboda haka wannan magana reshe ce ta waccan.

A hunturun da ya wuce, wata safiya bayan an idar da sallar asuba, muna zaune a masallacin layinmu ana lazimi, sai muka ji ihun yaro. Da muka fito muka tarar da ɗan maƙwabcina, wanda bai wuce shekara takwas ba, kwance a ƙasa, allonsa can gefe guda, wani jibgegen kare ya danne shi ya kama cinyarsa yana girgizawa. Karen na wani gida ne da ke ƙarshen layin, wanda mai shi yawanci ba ya gari, ya bar karnuka biyu a hannun maigadi. Direba ne ya zo fitar da mota, maigadin ya wangale ƙofa, ya sha'afa bai mayar da karnukan keji ba. Abin da har yau yake yi mini gizo shi ne yadda maigadin ya tsaya da sanda a hannu, jikinsa na ɓari, ya kasa matsawa ko taku ɗaya, domin kamar yadda ya gaya mana daga baya, abinci ma daga nesa yake tura musu da ƙafa. Mai shayin bakin layi ne Allah Ya ba zuciya, ya ɗauko benci ya maka wa karen a gadon baya, sannan ya saki yaron ya koma ciki.

Nan take shawarwari suka yi yawa. Wani ya ce a samo gashin karen a ƙona a shafa tokar a ciwon, wani ya ce a ɗaure da tsumma, matasa kuma suka shiga tattara duwatsu da gorori suna cewa a fito da karen a kashe. Wani ɗalibin aikin jinya da ke haya a layin ne ya ce a kawo sabulu, ya zaunar da yaron a wurin alwala, aka yi ta miƙo masa buta bayan buta yana wanke raunin yana duba agogo, uban yaron na cewa, "Malam, ya isa haka, mu tafi asibiti," shi kuwa yana cewa, "Baba, ka yi haƙuri, wannan wankin shi ne farkon maganin." Bai bari an ɗaga yaron ba sai da minti 15 suka cika.

A asibiti, tambayar farko da aka yi mana ita ce ko an yi wa karen allurar rigakafin hauka. Aka kira mai gidan a waya, ya ce an yi, amma katin yana Abuja, kuma bai tuna sunan likitan da ya yi ba. Dole aka rubuta wa yaron allurai biyar, ta ranar farko, da ta kwana 3, da 7, da 14, da 28. Babu allurar a asibitin, sai a kantin magani na uku muka same ta, kuma kuɗinta ya fi abin da uban, wanda kayan gwari yake sayarwa, ke mayarwa gida a wata guda. Muka je wurin mai unguwa, ya nuna takaicinsa ƙwarai, amma ya ce ba shi da wata takarda a hannu da za ta ba shi ikon tilasta wa mai gidan komai. A caji ofis kuma aka ce mu je mu sasanta, tunda maƙwabta ne. Bayan mako guda mai gidan ya aiko da kuɗin da suka kai kusan rabin abin da aka kashe, ɗan aiken ya ce an ba da su ne "a matsayin taimako". Wannan kalma ta taimako ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin haƙƙin yaron da aka yaga wa cinya ne aka mayar sadaka, uban kuma ya karɓa da hannu biyu yana godiya, saboda bai san yana da wata madafa ba.

Tun daga ranar, duk majalisar da aka tayar da zancen a unguwarmu, magana ɗaya ake yi: gwamnati ta haramta shigo da karnukan Turawa, irin su fitbul da rotwaila da burbul na Afirka ta Kudu, kowa ya huta. Har wani ya kafa hujja da cewa Turawan da kansu sun haramta su. Na fahimci zafin da ya haifar da wannan ra'ayi, ni ma a makon farko haka nake cewa. Amma da na natsu na bi diddigin abin da ya faru a ƙasashen da suka bi wannan hanya, sai na ga ba ita ce za ta fisshe mu ba.

A 1991 majalisar Birtaniya ta yi dokar karnuka masu haɗari, bayan wasu munanan hare-hare da suka tayar da hankalin jama'a. Dokar ta haramta nau'i huɗu: fitbul, da Tosa na Japan, da Dogo na Ajantina, da Fila na Birazil. Matsalar farko da suka ci karo da ita ita ce gane wane kare ne fitbul, tunda yawancinsu ruwa biyu ne, har ta kai ana auna kare da tef, a duba faɗin ƙirjinsa da girman kansa, a tafi kotu ana jayayya a kan kamanni. Masu son mugun kare kuwa ba su daina so ba, sai suka koma wani nau'in da sunansa ba ya cikin jerin. Bayan shekara talatin da 'yan kai, gwamnati ta sake komawa kan dokar ta ƙara wani kare da ake kira XL Bully: daga 31 ga Disamba 2023 aka hana sayar da shi da kiwon 'ya'yansa a Ingila da Wales, daga 1 ga Fabrairu 2024 kuma ya zama laifi a mallake shi ba tare da takardar izini ta musamman ba. Wannan shi ne abin da Bahaushe ke cewa tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Holan ta haramta fitbul a 1993, ta kuma sanar da janye haramcin a 2008 bayan bincike ya nuna cizon bai ragu yadda aka yi fata ba. Italiya ta soke jerin nau'o'in da ta ware a 2009, ta mayar da nauyin kan masu karnukan. Birnin Denba na Amurka ya riƙe nasa haramcin tun 1989, amma a 2020 mutanen birnin suka kaɗa ƙuri'ar maye gurbinsa da tsarin lasisi. A ganina, gyaran da ya fi ma'ana a dokar Birtaniya shi ne na 2014, wanda ya sa dokar ta shafi cizon da ya faru ko a cikin gidan mai karen ne, ya kuma ɗaga hukuncin wanda karensa ya kashe mutum zuwa ɗaurin da zai iya kai shekara 14. Wannan gyara bai tambayi sunan nau'in kare ba.

To, idan ƙasashen da ke da rajistar karnuka da likitocin dabbobi a kowane lungu sun sha wannan wahala, ina ga mu? Yawancin karnukan da ake sayarwa a nan da sunan na Turawa ba su da wata takardar asali, uwa daban uba daban, mai sayarwa ne kawai yake laƙaba musu sunan da zai ɗaga farashi. Wane jami'i ne zai tsaya a ƙofar gida ya rantse cewa wannan burbul ne, wancan kuma haɗin gida ne? Ɗan kwikwiyo a kwali ake ɗauko shi daga Jos ko Kaduna ko Legas a bayan motar haya, ga iyakar Illela a buɗe ga mai niyya. Dokar da ta dogara ga gane nau'i za ta zama wata sabuwar ƙofar karɓar na goro, mai hali ya biya a ce karensa ba ya cikin jerin, marar hali kuma a ƙwace nasa ko da bai taɓa yi wa kowa haushi ba.

Ba na musun cewa girma yana da tasiri. Karen da nauyinsa ya kai buhun siminti ko ya fi, idan ya kama yaro, ɓarnar da zai yi ba ɗaya take da ta ɗan karenmu na gida ba, kuma wasu nau'o'in tun asali an tsara kiwonsu ne don gadi ko faɗa. Sai dai abin da na gani da idona shi ne, yawancin mugunta a hannun mutane kare yake koyonta. A ɗauko kare mai gashi buzu-buzu da aka halitta don duwatsun ƙanƙara na yankin Kokeshiya, a kulle shi a kejin kwano a zafin Sakkwato na watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, ba ya ganin kowa sai mai tura masa abinci, wani lokacin ma da gangan ake horar da shi da yunwa wai don ya yi zafi. Ranar da wannan dabba ta samu ƙofa a buɗe, duk wanda ta fara gani shi ne abokin gaba. Akwai kuma wani sabon yayi a tsakanin 'ya'yan masu hali, na yanke wa kare kunne a ja shi a titi da yamma ana ɗaukar bidiyo don a ɗora a TikTok, yaron da ke riƙe da sarƙar ma karen ya fi shi ƙarfi.

Bayan wannan, karen da ya fi kashe mutane a ƙasashenmu sau da yawa ba shi da wani suna na Turanci. Mahaukacin kare ne, wanda zai iya zama ramammen karen bola da ba wanda ya damu da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare tana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar kare suka kamu, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Muguntar wannan cuta ita ce tana iya kwanciya a jiki wata biyu ko uku, wani lokaci har shekara, ciwon ya warke kowa ya manta, sannan ta taso ta bi jijiya ta hau ƙwaƙwalwa. Da zarar alamu sun bayyana, irin su tsoron ruwa da firgita da dalalar miyau, kusan babu wanda yake tashi. A irin wannan hali ne za ka ji ana cewa iska ce ko sammu, a yi ta yawo da marar lafiya gidajen masu magani, ba wanda ya tuna ɗan kwikwiyon da ya yakuce shi tun kafin azumi. Alhali tun 1885 Louis Pasteur ya gwada allurar wannan cuta a kan wani yaro a Faransa ta yi aiki, kuma masana sun tabbatar da cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki rigakafi, cutar takan daina yaɗuwa a tsakaninsu. Dokar da ta tsaya ga haramta fitbul ba za ta taɓa wannan ɓangare ko da ƙwayar zarra ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, har da wasu kansiloli, shi ne ikon tsara wannan al'amari yana hannun ƙananan hukumomi tun tuni. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999, inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma, ya ambaci lasisin kekuna da amalanke da baro, ya kuma ambaci kula da yadda ake ajiye dabbobin gida na kowane iri da yadda ake zirga-zirga da su. Na yi shekaru ina aiki a sashen tara kuɗin shiga na wata ƙaramar hukuma kafin in yi ritaya, mun bi masu shaguna da masu amalanke da rasit a hannu rana da iska, amma ban tuna ranar da aka ba ni littafin rajistar kare ko ɗaya ba, kuma ni ma, in faɗi gaskiya, ban taɓa tambaya ba. Akwai tsohuwar dokar karnuka ta zamanin Turawan mulki wadda ta yi maganar lasisi da matakan daƙile cutar hauka, amma tararta ta zama abin dariya a kuɗin yau. Akwai dokar yaƙi da cututtukan dabbobi ta tarayya ta 1988, wadda aka sabunta a 2022. Dokar final kot, wato kundin hukunta laifuffuka na Arewa, ita ma ta yi tanadin hukunci ga wanda ya yi sakaci da dabbarsa har ta jefa mutane cikin haɗari. Duk waɗannan suna cikin littattafai a kan kanta, ba su sauko layinmu ba. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ana ta maganar 'yancinsu. To ga wani aiki nasu na kansu da ba ya buƙatar biliyoyi, musamman ga Sakkwato ta Arewa da Sakkwato ta Kudu da Wamakko, waɗanda birnin ya shimfiɗu a cikinsu, kuma ya kamata su yi doka iri ɗaya, domin kare bai san inda iyakar ƙaramar hukuma ta tsaya ba.

Mu da muke garin Shehu ma ba mu da buƙatar zuwa Landan neman ƙa'idar da za mu gina doka a kanta. Hadisi ya halatta ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da tsaron gona, ya kuma yi gargaɗin raguwar lada ga wanda ya ajiye shi haka kawai. Malamai sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗannan idan akwai tsoro na gaske, har an ruwaito cewa Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, da katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, aka tuna masa cewa Imam Malik ya karhanta hakan, sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Amma malaman nan na Malikiyya da suka ba da wannan sauƙi sun kuma bayyana cewa wanda ya ajiye kare mai cizo, aka ja masa kunne bai ɗauki mataki ba, to lamunin abin da karen ya ɓata yana wuyansa. Ka lura, ya Edita, ba su tambayi daga wace ƙasa aka kawo karen ba. Halinsa suka duba, da sanin mai shi, da sakacinsa. A jihar da ke da kotunan shari'ar Musulunci, abin kunya ne a ce uban yaron da kare ya ciza yana karɓar rabin kuɗin magani yana godiya.

Don haka abin da nake kira a yi shi ne doka mai sauƙin fahimta wadda za ta ɗaure kowane kare a wuyan wani mutum mai suna da adireshi. Duk mai kare a cikin birni ya yi masa rajista a ƙaramar hukuma ta hannun mai unguwa, a ba shi lamba a rataya a wuyan karen, kuma kada a ba da lambar sai an ga katin rigakafin hauka na wannan shekarar daga likitan dabbobi mai rajista, a ajiye kwafin katin a ofis, domin kada ranar da aka nema a ce yana Abuja. Karen gadi kuwa, ko wane iri ne, idan girmansa ya kai wani mizani da likitocin dabbobi za su ƙayyade, sharaɗinsa ya fi tsanani: duba-gari ya je ya ga katangar gidan da kejin, ya tabbatar akwai inuwa da ruwa, akwai kuma shinge na biyu tsakanin karen da ƙofar da mota ke fita, a rubuta gargaɗi da Hausa, a boko da ajami, a jikin ƙofa, tunda almajirai da 'yan talla da masu ga-ruwa ne suka fi tura ƙofofin mutane. Idan za a fita da shi titi, sai da takunkumi da sarƙa, a hannun baligin da zai iya riƙe shi. Wanda kuma ya bar kare a hannun maigadin da ke tsoronsa, shi ne da alhaki, kada a kama talakan maigadi a rufe a ce an yi hukunci.

Sashen da na fi so a rubuta da manyan baƙaƙe shi ne na bayan cizo. Mai kare ya biya kuɗin magani gaba ɗaya tun daga allurar farko, ba tare da jiran shari'a ba, sannan a yi maganar diyyar rauni a kotu. Karen kuma kada a bari matasa su kashe shi da duwatsu, kada kuma a bar mai shi ya ɓoye shi ko ya sayar wa fataken da ke kai karnuka kasuwar Dawaki ta Filato. A tsare shi a ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi na kwana 10, domin karen da ke ɗauke da cutar a miyansa ranar da ya yi cizo yakan nuna alama ko ya mutu a cikin waɗannan kwanaki, idan kuwa ya mutu sai a kai kan karen ɗakin gwaji. Wanda aka ciza ba zai jira sakamakon ba, zai fara allura ran nan. Karen da ya far wa mutum ba tare da an tsokane shi ba, a rubuta sunan mai shi a littafi a matsayin wanda aka ja wa kunne, daidai da yadda malamanmu suka tsara. Idan ya sake, alƙali ya yanke hukuncin ƙwace karen, ya kuma hana mutumin sake ajiye wani na wasu shekaru.

Dole a yi hattara kada wannan doka ta faɗa kan waɗanda ba su ne matsalar ba. Mafarautanmu da ke fita daji da rani da garken karnuka, da Fulani makiyaya, da Buzayen da ke zuwa da dogayen karnukansu na Azawak, da manomin ƙauye da haushin karensa ne kaɗai ƙararrawar da yake da ita idan baƙi suka nufo gari da dare, duk waɗannan ba su da kuɗin lasisi mai tsada, kuma idan aka matsa musu ɓoye karnukan za su yi. A yi musu rajista kyauta ta hannun shugabannin mafarauta da arɗo-arɗo da masu gari, a kai musu allurar har inda suke a ranakun kasuwa, kamar yadda ake yi wa shanu. Kuɗin lasisin da za a karɓa daga masu manyan karnukan cikin birni shi ya kamata ya ɗauki nauyin wannan, tunda wanda ya iya sayen kare da ciyar da shi nama kullum ba zai gaza biyan lasisin shekara ba.

Su kuma karnukan da ba su da kowa, waɗanda ke kwana a bola da bayan mayanka, na san abin da aka saba yi idan abin ya yi ƙamari shi ne a zuba guba a nama a watsa. Wannan dabara ba ta taɓa ƙarar da su ba, domin muddin abincin yana nan, wasu za su zo daga wata unguwa su maye gurbin, ga kuma kyanwoyi da ungulaye da ke cin gawar su mutu, ga yaran da ke tsince-tsince a juji. Kwashe shara a kan kari da killace sharar mayanka, tare da kama karnukan a yi musu allura da dandaƙa, shi ne aikin da yake ɗorewa.

Kayan aikin ma ba daga sama za su faɗo ba. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa tun 1924, tana yin allurar rigakafin haukan kare. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da tsangayar koyon likitancin dabbobi da asibitin koyarwarta a nan cikin gari, da ɗalibai masu neman inda za su gwada hannunsu. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan cuta a duniya, kuma ƙasashe sun sa wa kansu burin kawo ƙarshen mutuwar mutane ta dalilin cizon mahaukacin kare nan da 2030, wanda saura ƙiris. Ina roƙon ma'aikatar lafiya ta jiha ta tabbatar akwai allurar mutane a manyan asibitocin kowace shiyya, a sanyaye yadda ya kamata, a kuma sanar a Rediyon Rima inda ake samunta, domin mutumin Isa ko Kebbe da aka ciji ɗansa ba shi da kantin magani na uku da zai je.

Wani abokina da na karanta wa wannan wasiƙa kafin in aiko ya ce mini dokoki nawa ne aka yi suka mutu a takarda. Gaskiyarsa, amma wannan tana da wani abu da sauran ba su da shi: babu mai unguwar da bai san gidajen da ke da kare a unguwarsa ba, domin kare ba ya ɓoyuwa, da kansa yake shelar inda yake kowane dare. Idan majalisar Mai Alfarma Sarkin Musulmi ta umarci hakimai da masu unguwanni su tattara sunayen, limamai kuma suka ware huɗuba ɗaya a kan haƙƙin maƙwabci da wankin minti 15, za a yi rabin aikin kafin kansiloli su gama zama.

Ina kuma roƙon ka, ya Edita, ka tura wakilinka ya tambayi shugabannin ƙananan hukumomi 23 na jihar nan, ɗaya bayan ɗaya, ko akwai wanda yake da littafin rajistar karnuka a sakatariyarsa, ya kuma tambayi asibitoci yawan waɗanda suka zo da cizon kare a bara, a buga amsar kowa ya gani. Shi dai yaron ya gama alluransa, yana tafiya da ɗan ɗingishi, kuma yanzu ta bayan layi yake zagayawa zuwa makaranta, tafiyar da ta ninka ta da. Karnukan biyu suna nan a gidan, ƙofar kuma ana wangale ta kowace safiya idan direba ya zo.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
Wani tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma,
Sakkwato.